Munachi da Tsohuwar Gadar Makurɗi

Ranar da Isyaku ya fara ganin Munachi, da jin kunya aka soma.

Wata Laraba ce da hantsi, a shagon kawunsa da ke Kantin Kwari, inda yake sayar da leshi da shadda. Ta shigo riƙe da ɗan ƙyalle ruwan zuma, sanye da doguwar rigar atamfa, kanta ba ɗankwali, ta shiga kara ƙyallen da leshin da ke jere. Kallo ɗaya ya yi mata ya yanke cewa baƙuwa ce daga kudu. Ya juya wajen maƙwabcin shagonsa da ya leƙo hira, ko murya bai rage ba ya ce:

"Kyau dai Allah ya ba ta, amma ido babu. Tun ɗazu abin da take nema yana gaban hancinta."

Ba ta ɗago ba. Sai da ta gama shafa leshin, sannan ta ce da Hausar Kano tsantsa:

"Na gan shi, Malam. Wannan zuba yake yi, wanki biyu ya koɗe. Mai kyan nake nema, wanda kuka ɓoye a sama."

Maƙwabcin ya fice yana riƙe da ciki don dariya. Isyaku ya hau benci ya sauko da leshin, kunnuwansa kamar an ɗora musu garwashi. Har ta gama zaɓe bai iya haɗa ido da ita ba. Da za ta fita ya samu ya ce, "Ki yi haƙuri da maganata."

"Rabin farkon na karɓa," in ji ta, tana murmushi. "Rabin ƙarshen kuma ka riƙe abinka."

Tela ce, shagonta yana Sabon Gari, kayan amare take ɗinkawa. A Kano aka haife ta, mahaifinta ma a Kano aka haife shi. Bayan wannan rana ta ci gaba da zuwa shagon, shi kuma ya ci gaba da ɓoye mata mai kyau a sama. Daga lambar waya don sanar da ita zuwan sabon kaya, sai saƙonnin suka sauya launi.

"Muna, yau kasuwa ta cika maƙil, amma shagon ya yi mini shiru. Ko zare ne ki zo ki saya."

"Ɗan Fagge, ba ka sayar da zare. In kewa ce ka faɗa kai tsaye, ba a kama mutum a kanta."

"To kewa ce."

"Ni ma, obim."

Da ya tambaye ta ma'anar kalmar, ta ce da Ibo zuciyata ke nan. Ya wuni yana maimaita ta a ransa, har ya auna wa wani Alhaji yadi shida a maimakon biyar.

Wata takwas suka yi a haka. Duk Lahadi bayan la'asar, in ta dawo daga coci ta huta, sai su haɗu a wani shagon shan yogot a Titin Ibrahim Taiwo. Iyayenta sun san da shi. Mahaifinta, Cyprian, mai walda ne da ya tsufa a sana'ar ƙofofin ƙarfe, bai ce komai ba sai, "Mu ga gudun ruwansa." Mahaifiyarta Bridget kuwa a fili ta ce ba ta so. Tana da nata ɗan takarar, Celestine, mai kemis a layinsu, wanda suke coci ɗaya, mai ladabi, wanda ba wanda zai ce ga aibinsa.

A gidan su Isyaku kuma, ƙanwarsa Ummakulsum kaɗai ta sani. Mahaifinsu Malam Ahmad tsohon hedimasta ne, yana kuma ba da karatu a zaurensa a Fagge. Duk lokacin da Isyaku ya shirya maganar a bakinsa, yana ganin Malam zaune kan buzu sai ta narke.

Da bikin Ummakulsum ya matso, ita da kanta ta ce Munachi ce za ta ɗinka mata kayan kamu. Sati uku Munachi ta yi a kan rigar, duwatsun wuyan ma da hannu ta jera su. Ana gobe kamu Isyaku ya tura mata:

"Gobe zan kai ki gaban Inna in ce ga wadda nake so. Na gaji da ɓoye rana a aljihu."

"Ka tabbata? Kada ka yi don na matsa, ban matsa ba."

"Na tabbata, Muna. Ki zo."

Ta zo. Har mayafi ta saya don ranar, ta yafa shi kamar wadda ta saba. Tsakar gida cike da mata, amarya ta fito cikin rigar, ana ta yaba ɗinki. Isyaku ya shigo da kiret ɗin lemo a kafaɗa, idonsa ya faɗa kan Munachi, fuskarsa ta washe tun kafin ya sani.

Gwaggo Huseina, yayar mahaifinsa, tana kan kujera a bakin ɗakin Inna. Ita ce ba a yanke komai a dangi sai da ita. Ta bi idonsa da nata, ta dire kan yarinyar, ta ga ɗan kuros irin na Kiristoci a sarƙar wuyanta.

"Isyaku, wace ce wannan kake wa fara'a har kunne?"

Surutun matan ya ragu. Inna ma ta juyo. Munachi ta gyara mayafinta, ta sunkuyar da kai tana jira.

Isyaku ya duba tsakar gidan. Ido ya fi talatin a kansa.

"Tela ce kawai, Gwaggo," ya ji bakinsa ya ce. "Ɗinki ta kawo."

"To tunda ta kawo ai shi ke nan. A zuba mata abinci a leda ta tafi da shi, gidan ya cika."

Aka zuba, aka miƙa. Munachi ta sa hannu biyu ta karɓa, ta ɗan rusuna.

"Na gode, Hajiya. Allah ya ba da zaman lafiya."

Ta wuce ta gabansa, gefen mayafinta har ya taɓa hannunsa. Yana nan tsaye da kiret a kafaɗa har ta fice daga zaure.

Ya kira ta ya fi sau ashirin a kwana uku. Ya rubuta dogayen saƙonni ya goge, ya rubuta gajeru ya tura. Amsa ɗaya ta zo:

"Ban ji haushin Gwaggonka ba, ita ba ta san ni ba. Kai ka san ni."

Ummakulsum ta kira shi daga gidan mijinta tana kuka. "Yaya, rigar nan na kasa sake kallonta. In ba za ka iya ba, me ya sa ka ce ta zo?"

Abinci ya daina yi masa ɗanɗano. A kasuwa in wata ta shigo da ƙyalle a hannu sai gabansa ya faɗi. Abin da ya fi cin sa shi ne ba wanda ya tilasta shi. Ba a daka masa tsawa ba, ba a ɗaga masa hannu ba, tambaya kawai aka yi masa.

Sati biyar bayan haka, yana tsallaka Titin Ibrahim Taiwo, ya hango ta a gaban motar Celestine, suna magana tana gyaɗa kai. Ya koma bayan wata a-daidaita-sahu ya tsaya har suka wuce. Da ya lura ɓuya ya sake yi, sai ya ji ya tsani kansa. Bai koma shago ba, ya miƙe sai Sabon Gari, wajen waldar mahaifinta.

Ya tarar da dattijon a kan benci, wasu na aiki yana duba musu da hannu, don hasken walda na shekaru ya rage masa gani. Isyaku ya durƙusa a ƙasa cikin ɓurɓushin ƙarfe.

"Baba, na zo ne in ba da haƙuri. Abin da na yi wa Munachi..."

"Na ji abin da ka yi," in ji Cyprian. "Ta dawo gida da leda a hannu, ta ajiye a kan tebur, kwana biyu ba ta buɗe shago ba."

Isyaku ya ƙara sunkuyar da kai. Dattijon ya dube shi ya ce:

"Ka iya tuƙi mai nisa?"

"Na iya, Baba."

"Asabar za mu je ƙauyenmu, kusa da Inugu, akwai taron dangi. Idona ba ya ganin hanya yanzu. Celestine ya ce zai kai mu, amma ni kai nake so. Ka zo bayan asuba."

A gida Isyaku ya ce wa Malam wani dattijo zai kai Inugu. Ko a nan bai iya ƙarasa sauran ba.

Suka bar Kano gari na wayewa, a tsohuwar motar Cyprian. Dattijon a gaba, Bridget da Munachi a baya. Gaisuwarsa Bridget ta amsa da hanci. Munachi ta ce, "Lafiya," ta maida fuskarta taga, a can ta bar ta. Suka wuce Zariya, suka wuce Saminaka, suka hau tsaunukan Jos. Lokaci-lokaci ya kan saci kallonta a madubi, bai taɓa samun idonta ba.

A Akwanga Cyprian ne da kansa ya ce, "Azahar ta yi, tsaya ka yi sallarka." Da ya dawo ya tarar Bridget ta buɗe kular shinkafa. Ta zuba wa kowa, nasa kuma ta miƙa wa mijinta ya miƙa masa. Ya ci ne don kada a ce ya ƙi.

Rana ta yi sanyi suka iso bakin Makurɗi. Isyaku ya nufi sabuwar gada, inda manyan motoci ke bi, sai dattijon ya dafa masa hannu.

"Ba nan ba. Bi ta can, akwai tsohuwa."

"Kullum sai mun tsaya a gadar nan," in ji Bridget, cikin gajiya. "Shekara talatin, ƙarfen bai sauya ba."

Suka ajiye mota suka taka da ƙafa. Isyaku bai taɓa ganin irinta ba. Ƙarafa ne manya-manya, wasu a tsaye, wasu a gicciye, sun sarƙe da juna ta gefe da ta sama, mutum na tafiya a ciki kamar a cikin dogon keji. Layin dogo ya bi ta cikinta. Fenti ya ɓare, tsatsa ta yi ja a gaɓoɓi. 'Yan acaɓa na wucewa, ƙasan na ɗan rawa a tafin ƙafa. A ƙasa kuma ga Kogin Binuwai, faɗinsa har ya fi ƙarfin ido, da 'yan kwale-kwale kamar ɓawon gyaɗa.

Cyprian ya kama hannun Isyaku ya ɗora kan wani ƙarfe mai jerin ƙusoshi, kawunansu a mulmule kamar maɓallai.

"Taɓa ka ji. Nan ba walda ba ce. Kowace ƙusa sai an gasa ta ta yi ja, a zura, a daka kanta tun da zafi. Tun zamanin Turawa take, ta girmi ubana a aiki."

Suka ci gaba har tsakiya. Nan dattijon ya tsaya, ya jingina, ya juya yana kallon gaɓar da suka baro.

"Ina da shekara biyar aka yi tashin hankali a Kano, kafin yaƙin basasa. Ubana Kenechukwu makanike ne a reluwe. Akwai wani lebura a tashar, Ɗanjummai, shi ya ɓoye mu a ɗakinsa kwana uku. Ya sa wa ubana rigarsa da hularsa, ya ɗora ni a wuya, ya kai mu jirgi. Bai tsaya nan ba, ya shiga tare da mu. Duk inda aka tsaya aka leƙo, sai ya ce, ɗan'uwana ne da iyalinsa. Har can, bakin gadar nan. A nan ya sauka, don in ya tsallaka shi ma ransa na cikin haɗari. Ta tsakanin ƙarafan nan na dinga hango shi yana ɗaga hannu."

"Papa, ai ka sha ba mu wannan labarin," in ji Munachi a hankali. Karo na farko ke nan da Isyaku ya ji doguwar magana daga bakinta tun safe.

"Rabinsa na ba ku."

Bridget ta ɗago ta dube shi.

"Bayan yaƙi muka koma Kano, muka tarar ya adana wa ubana akwatin kayan aikinsa, ko sifana ɗaya ba ta ɓace ba. Na girma, na shiga sakandare ta kwana. Wata rana ya zo dubo ni, da rake da gyaɗa a ƙunshi, cikin yagaggen kakin reluwe. Ina tare da abokaina 'ya'yan masu hali. Suka ce, wane ne wannan? Na ce mai kawo mana ruwa ne a gida."

Iska ta kaɗa. Wani ɗan acaɓa ya wuce yana hon.

"Ya ji. Ya miƙo mini raken, ya yi murmushi, ya ce, ka yi karatu da kyau, Sifiriyan. Haka yake kiran sunana. Kullum ina cewa in an yi hutu zan je in roƙe shi. Kafin hutun ya koma garinsu, can ya rasu. Kusan shekara hamsin ke nan, ba ni da wanda zan ba haƙuri. Shi ya sa nake tsayawa a nan."

Ya sa bayan hannu ya goge ido. Bridget ta matsa kusa da shi, ta riƙe gefen rigarsa.

"Isyaku," in ji dattijon, "ban kawo ka nan don in ce ba ka yi laifi ba. Ka yi, kuma 'yata ka yi wa. Na kawo ka ne don taka tana raye, ga ta nan tsaye. Bridget, zo mu koma mota, ƙafata ta gaji."

Suka tafi suka bar su. Isyaku ya ga dai ba inda zai ɓuya a kan gada. Ya dafa ƙarfe.

"Muna, ba ni da hujja. Tsoro na ji, na sayar da ke don kada a kalle ni. Tun ranar ban sake ganin kaina da daraja ba."

Ta kalli ruwa, ta ce:

"Ka san abin da ya fi mini ciwo? Ba ledar ba. Mayafin. Sau uku na je kasuwa kafin in samu wanda nake ganin Innarka za ta so."

Hawaye ya zubo masa, bai ɓoye ba.

"Ki yafe mini. Ina sonki, ko a gaban wa zan faɗa."

"A nan faɗarsa ba wuya, Ɗan Fagge. Wa ya san ka a Makurɗi? Kifin kogi?" Ta juyo ta dube shi sosai. "Ba a nan ka ƙi ni ba. A tsakar gidanku ka ƙi ni."

"Na gane." Ya ɗago ya dube ta. "Celestine fa? Na gan ku a mota."

"Ka gan mu ranar da na ce masa ya daina jira, don ba daidai ba ne in riƙe mutumin kirki alhali zuciyata na wani wuri. Shi ya ji zafi, amma ya gode mini da na faɗa masa a ido." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ban ce na yafe ba tukuna. Amma ka daina kallona a madubi, ka kalli hanya, iyayena ne a motar."

Kwana uku suka yi a ƙauye. Ana ta tambayar wane ne wannan Bahaushen, Cyprian yana cewa, "Baƙona ne, a ba shi wuri mai kyau." Duk sanda ya faɗa sai Isyaku ya ji kunya ta sake rufe shi.

Juma'ar da ta biyo bayan dawowarsu, ya jira har Gwaggo Huseina ta zo gaida ƙaninta kamar yadda ta saba. Suna ɗakin Malam da ita da Inna, ya yi sallama ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Malam, ƙarya na yi, har sau biyu. Yarinyar da ta kawo ɗinkin Ummakulsum ba tela ce kawai ba. Sunanta Munachi, Kirista ce, 'yar Sabon Gari, kuma ita nake so in aura. Ni na ce ta zo in nuna wa Inna ita, da aka tambaye ni na yi musun ta. Dattijon da na kai Inugu kuma mahaifinta ne."

Gwaggo ta tafa hannu tana salati. Ta ce duk 'yan matan dangi ba su ishe shi ba, ta ce me za a ce da gidan malamai, ta ce 'ya'yan da za a haifa fa? Isyaku bai tashi ba, bai kuma janye ko kalma ɗaya ba.

Malam Ahmad ya bari ta gama. Ya cire tabarau ya ajiye kan littafi.

"Maganar aure ban amince ba tukuna. Addini bai hana ba, ka sani na sani, amma zama da mutane sai an duba. Abin da ya dame ni yanzu daban ne. Yarinya ta shigo gidana a kan alkawarin ɗana, aka sallame ta da leda?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"Gobe ka kai ni wajen ubanta. Wannan kunyar tawa ce."

Washegari mutanen layin su Munachi suka ga dattijo da rawani ya sauko daga a-daidaita-sahu, ya shiga wajen walda, ya zauna a benci ɗaya da Cyprian. Haƙuri ya je bayarwa, amma sai da suka kai azahar suna hirar tsohuwar Kano. Da yamma saƙo ya shigo wayar Isyaku:

"Babanka ya ce mini 'yata. Na yafe, obim. Ka ci abinci, ka rame."

Auren bai zo da sauƙi ba. Wata bakwai aka yi ana kai da komo. Malam ya sa Inna ta gayyaci Munachi gida sau da dama, yana jin amsoshinta daga bayan labule. Bridget ta ce sai an yi mata alkawari a gaban shaidu cewa ba za a hana 'yarta zuwa coci ba. Malam ya ce, "Ni ne shaidar, in ya hana ta ki kawo ƙararsa wajena." A cocinsu ma an yi surutu, wasu ƙawayen Bridget suka daina zuwa gidanta. Gwaggo Huseina ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwar Isyaku. Bai fasa zuwa gaishe ta ba, kuma duk zuwa sai ya ce Munachi na gaishe ta.

An ɗaura aure wata Asabar da safe a masallacin unguwa a Fagge. Da la'asar aka koma Sabon Gari don al'adar dangin amarya. An kafa rumfuna a layi, manyan riguna da hulunan zanna a gefe ɗaya, jajayen huluna da ɗaurin zani bibbiyu a ɗaya gefen, kafin a jima kujerun suka cakuɗe. Gwaggo ta zo. Ba ta yi dariya ba, amma ta zo, da setin tukwane a bayanta.

A al'adarsu uba kan ba 'yarsa ƙoƙon bammi, ta zaga cikin taro ta nemo mijinta ta ba shi. Cyprian ya ɗaga ƙoƙon ya ce da Hausa, don kowa ya ji, "Surukina ba ya shan namu, don haka kunun aya na zuba." Aka yi dariya.

Munachi ta karɓa ta shiga cikin mutane, murjani a wuyanta, tana taku a hankali. Samari na ta kiranta, kowa na cewa ga shi nan. Ta wuce su ɗaya bayan ɗaya. Abokan Isyaku sun ɓoye shi can baya, amma ta ratsa har gabansa, ta durƙusa, ta kurɓa, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ka sha duka," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Mama na kallo."

Ya shanye. Ya kama hannunta suka taho gaban iyaye suka durƙusa. Bridget ta sunkuyo kusa da kunnensa, idonta jawur.

"In ta yi fushi ba ta magana, kuma ba ta cin abinci. Kada ka ce za ta huce da kanta. Ka zauna kusa da ita har ta ci."

"In sha Allahu, Mama."

Cyprian ya dafa kawunansu. Ya yi addu'a da Ibo mai tsawo, muryarsa na karyewa, sannan ya juya ta da Hausa: Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya masu jin ƙai, ya sa su tsufa tare. Ya dubi Malam Ahmad ya ce, "Malam, ƙarasa mana."

Malam ya ɗaga hannuwa, rumfa ta yi shiru.

"Allah ka ga yaran nan, ka san abin da suka sha kafin yau. Ka sa albarka a gidansu, ka rufa musu asiri, ka sa kowannensu ya zama sutura ga ɗan'uwansa."

Layin gaba ɗaya ya amsa da amin, kowa da irin lafazinsa. Munachi ta matse yatsun mijinta, shi kuma ya riƙe su gam, suna durƙushe har iyayen suka ce su tashi.